Ƙona ƙwaya ba ya warkar da ɗalibi: a sa kuɗin magani cikin kasafi



Kowace shekara in ranar 26 ga watan Yuni ta zagayo, ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da miyagun ƙwayoyi, mun san wasan tun kafin a buga gangar. A kafa rumfa, a jera kujeru, a raba riguna da huluna masu rubutu. Manya su iso cikin jerin motoci. A tara buhunan wiwi da kwalayen tramol a bayan gari, a watsa gazuwal, a ƙyasta ashana, ƴan jarida su ɗauki hoton hayaƙi. Wani ya tashi ya ce matasa su ne manyan gobe, a yi tafi, a watse. Shi kuwa ɗalibin da ke kwance cikin ɗakinsa na site, jikinsa na ciwo kamar an yi masa duka don yau bai samu ƙwayarsa ba, ko labarin taron bai ji ba. Da ma ya ji, babu abin da aka tanadar masa a ciki.

Maganata yau guda ɗaya ce. Ina so a buɗe layi cikin kasafin kuɗin ƙasa, da sunansa da adadinsa, don tantance ɗaliban jami'o'inmu game da shaye-shaye cikin sirri, da yi wa wanda ya kamu magani. Kuɗin gwamnati nake nufi, irin wanda ke dawowa kowace shekara kamar albashi. Duk wanda ya ce mana yana yaƙi da ƙwaya, mu ce ya nuna mana wannan layin. In babu shi, to jawabi kawai yake yi.

Kar a ce na raina aikin jami'an tsaro. Hukumar OCRTIS da ƴan sanda da jandarma da ƴan duwan suna kama kaya, wani sa'in ma da ransu a hannu. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na tabar wiwi a Yamai. A watan Janairu na 2022 an kama hodar iblis fiye da kilo 200 cikin motar magajin garin Fachi. Madalla da wannan. Amma yawancin irin waɗannan manyan kaya ratsawa suke yi, sun nufi arewa. Abin da ke cin ɗalibanmu ƙarami ne, mai arha ne, yana kan tebur a bakin tasha, yana cikin faranti bisa kan mai talla, yana aljihun wani da ke zaune fada ɗaya da kai.

Kuma mun ga abin da ke faruwa in aka toshe hanya ɗaya. A 2018 Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. A shekarar dai Indiya, inda yawancin tramol ke fitowa, ta ƙara tsaurara dokar fitar da shi. Shaye-shayen ya ƙare? Ina! Sai ga wasu ƙwayoyi irin su Tafrodol sun ɓullo a kasuwannin Afirka ta Yamma, haɗin da ya fi tramol ɗin hatsari. Mu da ke zaune tsakanin Maraɗi da Jibiya, tsakanin Ƙwanni da Illela, tsakanin Magarya da Kano, mun san iyaka ba ta tare ƙwayar da ke shiga cikin safa. Muddin mai saye na nan da ƙishirwarsa, mai sayarwa zai samo hanya. Kama dillali yana rage kaya a kasuwa na ƴan kwanaki. Rage masu saye kuwa, sai da magani.

Bari mu yi maganar yadda ɗalibi ke faɗawa, don wasu sun ɗauka duk mai shan ƙwaya ɗan iska ne tun daga gida. Yaro ya samu BAC a ƙauyensu, gari ya yi murna. Ya iso Harobanda ko Damagaram, ya tarar ɗakin da aka yi don mutum biyu mutum shida ke kwana ciki. Kuɗin burs ya yi watanni bai fito ba. Da rana ya yi layin resto, da marece ya karɓi babur ya yi kabu-kabu don ya samu na hotokopi, da dare ya buɗe takarda ido na rufewa, ga jarrabawa saura kwana huɗu. Sai wani ya miƙo masa ƙwaya guda, ya ce sha wannan, sai asuba kana karatu ba gajiya. Ya sha, abin ya yi aiki. Nan ne masifar take: karon farko yana aiki.

Tramol magani ne na ciwo mai tsanani, dangin su kodin da morfin. Wanda ake bayarwa a likita yawanci mai miligiram 50 ne ko 100, kuma ko mai ciwon gaske ba a yarda ya wuce miligiram 400 a yini ba. Wanda ke yawo a titi kuwa akwai mai 120, akwai mai 225, har da mai 250. Ke nan ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta haye iyaka. Jiki na sabawa, abin da ɗaya ta yi jiya sai biyu za su yi shi gobe. In ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya danne numfashi, balle in an haɗa shi da diyazefam ko barasa. In kuma mutum ya bari kwatsam, sai gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci da faɗuwar gaba su rufe shi. Yaron da ya fara sha don ya yi karatu, yanzu sha yake don ya iya tashi daga katifa. Wanda ya kai nan, in ka ce masa "ka daina mana", daidai yake da ka ce wa mai zazzaɓi ya daina rawar sanyi.

To me ya sa na ware ɗalibai, alhali ga ƴan kabu-kabu, ga ƴan ga-ruwa, ga matasan "palais" na Kara-Kara da Aicha Macky ta nuna wa duniya cikin fim ɗinta na 2021? Su ma haƙƙinsu ne a yi musu magani, kuma ba za mu bar maganarsu ba. Amma ɗalibai suna wuri ɗaya, an san sunansu, suna da kati, suna da ɗakin shan magani da ke ƙarƙashin CROU. In gwamnati ta kasa kula da mutanen da ke cikin katangarta, wa zai yarda za ta iya da na tasha? Ga kuma lissafin da ya kamata ya hana ministan kuɗi barci: cikin matasa 100 na ƙasar nan, waɗanda ke kai wa karatun gaba da BAC ba su wuce 5 ba. Kowane ɗaya daga cikinsu an yi shekara 13 ana kashe masa kuɗi tun daga ajin farko na lakkol, iyaye sun sai da akuya, gwamnati ta biya malamai. Sai a bar shi ya zube a shekara ta biyu ta jami'a don an ƙi biyan albashin mutum ɗaya da zai zauna da shi minti goma? Wannan ba tattali ba ne, ɓarna ce.

Yanzu mu zo kan tantancewa, don nan ne nake tsoron a karɓi maganarmu a juya ta. Da zarar an ce "a binciki ɗalibai", abin da ke zuwa ran wasu manya shi ne kwalbar fitsari da takardar kora. A 2025 ma'aikatar ilimi ta Najeriya da hukumar NDLEA sun sanar da shirin yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya, kuma kun san yadda abin da aka yi a can ke saurin tsallako iyaka. Gemun maƙwabci ya kama wuta, gara mu faɗi tamu tun yanzu.

Gwajin fitsari abin da aka sha cikin ƴan kwanakin baya kawai yake gani. Wanda ya san ranar gwaji zai daure ya tsallake, ko ya ari fitsarin aboki. Tsinken gwajin da aka saba amfani da shi don dangin morfin ma ba ya kama tramol, sai an sayo nasa na musamman, wato ƙarin kuɗi ga mai kwangila. Kuma tsinke ba ya bambance yarinyar da likita ya rubuta wa magani bayan an cire mata haƙori da wanda ya shekara uku yana haɗiyar 225. Mafi muni, ranar da aka kori ɗalibi na farko saboda sakamakon gwaji, ranar aka rufe bakin sauran. Babu wanda zai sake zuwa da ƙafarsa ya ce a taimake ni. Wanda aka kora kuma ba ɓacewa zai yi ba: unguwa zai dawo, babu karatu, babu burs, ga ƙishirwar nan daram. An share ɗaki an tura sharar ƙarƙashin tabarmar talaka.

Tantancewar da nake nufi magana ce tsakanin mutum biyu, ƙofa a rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tana da takardar tambayoyi da ake kira ASSIST. Tambaya 8 ce, ana gama ta cikin kamar minti 10, kuma kyauta ce. Tana tambayar me ka taɓa sha, sau nawa cikin wata ukun da suka wuce, ko abin ya jawo maka matsalar lafiya ko ta kuɗi ko ta karatu, ko ka taɓa ƙoƙarin bari ka kasa. Daga amsoshin sai a san inda mutum ya tsaya. Mai ƙaramin hatsari a ba shi bayani ya tafi. Na tsakiya a yi zaman shawara da shi na ƴan mintoci, a sa masa ranar dawowa. Mai babban hatsari a miƙa shi hannun likita. Malamin jinya da aka horas zai iya wannan aikin, da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci. Abin da ke cin kuɗi a nan shi ne mutumin da zai yi tambayar, da ɗakin da babu mai leƙe, da amanar cewa amsar ba za ta isa ofishin shugaban tsangaya ko komisariya ba.

Amma ku ji ni da kyau: tantancewa ba tare da magani ba zalunci ne. Ka sa mutum ya tona maka cikinsa, sannan ka ce to Allah ya sawwaƙe, ka sallame shi? Gara ma ba ka tambaye shi ba. Maganin mai shan tramol yana buƙatar likitan da zai rage masa a hankali, da magungunan da za su sassauta azabar kwanakin farko, da mai ilimin halayyar ɗan Adam da zai riƙa zama da shi mako-mako har watanni. Mai shan diyazefam in ya yanke lokaci guda yana iya faɗuwa da jijjiga, don haka nasa ma sai da likita. Ɗakin shan magani na kowace jami'a ya kamata ya ajiye naloksan, allurar da ke ceto wanda ƙwaya ta danne wa numfashi. Kuma wasu za su bari su sake komawa, sau ɗaya, sau biyu. Haka ciwon yake. Mai hawan jini ma in jininsa ya sake hawa ba a kore shi daga likita.

Yau in abin ya ci tura, ina ake nufa? A Yamai a ce Pavillon E, sunan da ya riga ya zama abin tsokana a bakin yara. Ma'aikatan wurin suna iyakar ƙoƙarinsu, amma wane ɗalibi ne zai tafi can da ƙafarsa alhali ya san gobe duk anfi za a ce ya haukace? Balle ɗaliba. Ita in aka ji, ba karatunta kaɗai zai tafi ba, har aurenta da sunan gidansu. Shi ya sa nasu shan a ɓoye yake, cikin kwalbar lemo, cikin ɗaki, kuma shi ya sa duk tsarin da babu mace ma'aikaciya a cikinsa ya riga ya bar su a baya. Wasu iyayen kuma, da suka rasa mafita, sai su kai yaro inda za a sa masa mari a ƙafa, ko su roƙi a ajiye musu shi a gidan kaso ko zai natsu. Ban zargi uwar da ta yi haka ba. Ƙofar da aka bar mata a buɗe ke nan.

Kar wani ya ce mana wannan abin Turawa ne. Senegal ta buɗe cibiyar CEPIAD cikin asibitin Fann na Dakar tun 2014, cibiyar gwamnati da aikinta shi ne kula da masu shaye-shaye. Mu ma muna da abin farawa. Akwai tsangayar kiwon lafiya a Jami'ar Abdou Moumouni, akwai a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, akwai a Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Ana yaye masu ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa, da yawansu suna zaune gida da digiri cikin akwati. Ga masu ciwo, ga masu ilimin maganin, katanga ɗaya ta kewaye su. Abin da ya rage a haɗa su shi ne kuɗi.

Na san amsoshin da za a ba ni, don ba yau aka fara jin su ba.

Za a ce wannan matsalar tarbiyya ce, a koma ga Allah. Na yarda addini ya haramta duk abin da ke gusar da hankali, kuma malamanmu su ci gaba da faɗa a kan mumbari. Amma addinin nan dai shi ya umurce mu da neman magani, shi ya hore mu da rufa asirin ɗan uwa. Haramcin giya ma mataki-mataki ya sauka, ba dare ɗaya ba. Wa'azi yana sa mutum ya yi niyyar bari. Daren uku na gumi da makyarkyata kuwa, sai da likita a kusa. Liman da likita ba kishiyoyi ba ne.

Za a ce ƙasa na cikin yaƙi, babu kuɗi. Wallahi mun san halin da ake ciki, ƴan uwanmu ne ke bakin daga. Amma jami'o'in gwamnati guda 8 ne: Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas, Dosso, Diffa da Tillaberi. A kowace a sa likita ko babban malamin jinya guda, mai ba da shawara namiji guda, mace guda, da ma'aikacin jin daɗin jama'a. Mutum 32 ke nan a faɗin ƙasa. Kuɗin V8 guda ɗaya ya isa ya riƙe ma'aikatan jami'a ɗaya shekara da shekaru. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi kiwon lafiya. A 2023 an nuna mana cewa in hukuma ta so, tana iya kafa asusu ta tara kuɗi daga aljihun ƴan ƙasa. A 2024 an rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocin gwamnati. Ke nan in an ga dama ana iyawa. Akwai harajin taba, akwai tarar da kotu ke ci da dukiyar da ake ƙwacewa hannun dillalan ƙwaya a ƙarƙashin dokar 1999. A yanki wani kaso a ce wannan na magani ne. Kuɗin da aka samu ta hanyar lalata yaranmu ya koma wajen gyara su, ina laifi?

Za a ce a nemi wata ƙungiyar waje ta kawo "proje". A'a. Mun ga yadda proje ke ƙarewa: shekara uku, taron bita a otel, kuɗin zama, mota mai tambari, sannan a rufe ofis a bar allo yana tsatsa. Mun kuma ga yadda Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025, ayyukan lafiya suka tsaya cak a ƙasashe da dama. Mai shan magani ba a ce masa dakata sai an sabunta yarjejeniya. In da gaske muke da maganar ƴancin kai da ake ta yi, to ƴancin ya fara daga nan: ƙwaƙwalwar ɗiyanmu, kuɗinmu.

Za a ce, kuma wannan daga bakin ɗalibai kansu nake jin ta, a fara biyan burs da gyaran resto tukuna. Kamarad, da gaskiyarku, kuma jinkirin burs ɗin yana cikin abin da ke tura wasu ga ƙwaya. Amma ku shugabannin USN, ƙungiyar da ɗalibanta suka ba da jininsu a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, ku duba takardar koke-kokenku. Akwai burs, akwai motocin sufuri, akwai ɗakunan kwana. Ina layin ɗan uwanku da kuka ɗauka ranga-ranga daga ɗaki da tsakar dare, kuka ce wa mutane maleriya ce? Kun san su da suna. Rufa asiri daban, yin shiru har mutum ya mutu daban.

Ga abin da muke nema, a taƙaice, don kowa ya iya maimaita shi:

1. Layi na musamman cikin kasafin ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta kiwon lafiya, wanda za a miƙa wa kowace CROU, a kuma buga adadinsa kowa ya gani.

2. Ma'aikata na dindindin a ɗakin shan magani na kowace jami'a, da mace a cikinsu. Tambayoyin tantancewa su shiga cikin ganin likita na yau da kullum, yadda shiga ɗakin ba zai zama tambari a goshin kowa ba.

3. Rubutacciyar doka cewa abin da ɗalibi ya faɗa wa ma'aikacin lafiya ba zai kai ga hukumar makaranta ko ƴan sanda ba, kuma babu kora saboda neman magani.

4. Wanda ya tafi jinya a ajiye masa gurbinsa, ANAB kuma kar ta yanke masa burs.

5. Rahoto kowace shekara, ba tare da sunan kowa ba: mutum nawa aka gani, nawa suka fara magani, nawa suka koma aji.

Dillali a kama shi, a hukunta shi, ko ɗan wane ne. Wanda ya kamu kuwa namu ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ana tsara kasafin baɗi ne tun kafin shekara ta ƙare, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kai maganar nan babban taron ɗalibai. Ku kai ta fada, ku kai ta rediyo lokacin da ake buɗe layi. In kun haɗu da shugaban jami'a ko darektan CROU ko gwamna, ku gaishe shi da ladabi, sannan ku yi masa tambaya ɗaya: ranka ya daɗe, jika nawa aka ware bana don maganin ɗalibin da ya kamu da ƙwaya? Ku rubuta amsar da ya ba ku, ku turo mana, za mu buga ta yadda ya faɗe ta.

Kai kuma da ke karanta wannan da ƙwaya cikin aljihu, kar ka yanke lokaci guda kai kaɗai cikin ɗaki. Nemi likita ko malamin jinya da ka yarda da shi, ka faɗa masa gaskiyar abin da kake sha da yawansa. Allah ya ba ka lafiya, ya ba shugabanninmu ikon jin wannan kuka.